Filin Tambaya da Amsa: Ƙauyen da Ramin Farar Ƙasa Ya Haifa

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan fitowa, kuma duka a kan ƙasar da ake haƙa suke magana. Ta farko ce ta fi tsaya mini a rai, don haka a yi mini haƙuri idan na daɗe a kanta.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni tela ne a Nyanya, Abuja, amma asalina ɗan wani ƙaramin ƙauye ne a yankin Barikin Ladi. Ƙauyen bai wuce gida talatin ba. Kakanninmu aikin kuza ya kawo su, da kuza ta ja baya suka koma haƙar farar ƙasa, har ita ma aka daina. Yanzu duk inda ka juya rami ne. Wata biyu da suka wuce wani mutum ya zo da mota ya ɗebi ƙasa a buhu daga gonar marigayi mahaifinmu, sannan ya dawo ya ce zai ba mu kuɗi mu bar shi ya sa katafila. Yayana yana so a karɓa, mahaifiyarmu ta ce ba da yawunta ba. Mu tara ne magada, kuma an ce ni da na ga gari in faɗi abin da za a yi. Shin farar ƙasar tamu ce mu sayar? Me ka ke gani?
Daga mai karatu a Nyanya

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta.

Sau biyu na karanta wasiƙarka, domin kamar labarin ƙauyenmu ka ke ba ni. Ni ma a bariki aka yanke mini cibiya. Mahaifina mutumin ƙasar Kano ne, an kawo shi Filato lokacin yaƙin duniya na biyu cikin waɗanda aka tilasta wa aikin kuza tsakanin 1942 da 1944, abin da tsofaffinmu ke kira diban gwamna. Da aka sallame su bai koma ba. Ya ɗauki kwano a ka har gashin tsakiyar kansa ya ƙare. Ni kuma na yi shekara talatin da 'yan kai ina bin safiyo a filayen ma'adinai, ina jan sarƙa ina kafa turaku, kafin in zauna a nan Jos.

Garin Hausa na asali kasuwa ce ke kafa shi, ko rijiya, ko wani malami da ya sauka da almajiransa. Namu ƙauyukan rami ne ya kafa su. Shi ya sa gidajen suke a jere kamar layin 'yan sanda, shi ya sa sunayen ma na aiki ne da zango, irin su Barikin Ladi da Gindin Akwati da Sabon Gidan Kanar. Inda aka buɗe rami nan aka kafa bukka, nan mai tuwo ta ɗora tukunya, nan aka kewaye masallaci da duwatsu. Da kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, masu jari suka naɗe tabarmarsu. Mutanen da ramin ya tara kuwa ba su da inda za su, domin a nan iyayensu ke kwance. Wasu suka shiga loto, wato haƙar kuza da hannu ta ramuka masu kama da rijiya, wasu suka koma farar ƙasa, wasu suka ja ruwan tsofaffin ramuka suna noman rani, dankalin Turawa da kabeji da karas.

Ba na manta jajibirin sallah a gidanmu. Mahaifiyata takan aike ni bakin rami da ƙwarya in fasa mata dunƙulen farar ƙasa. Sai ta jiƙa a tsohon kasko ta kwana, da safe ta dama, ta tace da tsumma, ta ɗauki guntuwar tsintsiya ta shafe ɗakinta ciki da waje. Kafin azahar bangon ya bushe ya yi fari fat, ɗakin ya ɗauki wani sanyin ƙanshi irin na ruwan farko. Hannunta har gwiwa fari, tana dariya tana korar mu kada mu jingina. Ramin nan dai da ya ba mu wannan kwalliya shi ya ci abokin wasana muna 'yan shekara goma. Ya je wanke ƙafa, gaɓar ta zame da shi. Hularsa ce ta fara tasowa, shi kuwa sai washegari aka fito da shi. Don haka idan na yi maka maganar rami, ba a takarda na karanto ba.

To, ga amsar tambayarka kai tsaye. Gonar taku ce, amma abin da ke ƙarƙashinta na ma'adini ba naku ba ne a idon doka. Sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya damƙa dukkan ma'adinan ƙasar nan a hannun gwamnatin tarayya, kuma dokar ma'adinai ta 2007 ta sake nanata haka tun a sashenta na farko. Farar ƙasa tana cikinsu. Ba wanda zai hana mahaifiyarku ɗiban ta shafen ɗaki, amma mai zuwa da katafila da tifa dole ya riƙe lasisi. Ofishin da ke rajistar filayen ma'adinai da ba da lasisin yana nan Abuja kusa da kai, kuma kowane lasisi yana da lamba da taswira da ta nuna iyakar inda aka yarda a haƙa. Ka ce wa mutumin nan ya nuna lambarsa da taswirarsa. Ka ɗauki hotonsu da wayarka, ka rufe shago rabin yini ka je ka tabbatar, ko ka tura wani ya je ofishin jami'in ma'adinai na tarayya da ke Jos. Idan ya fara kame-kame, ya ce takardu suna hanya, ka riga ka san irin mutumin da ka ke magana da shi. Ka tuna a farkon 2025 sai da gwamnatin Filato ta dakatar da haƙar ma'adinai a jihar na wani lokaci, saboda yawan masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba da abin da ke biyo bayansu.

Amma kada ka ɗauka dokar ta bar ku hannu biyu. Mai neman lasisi a kan filin da ke da mai shi yana bukatar yardarsa a rubuce. Wannan takardar yarda ita ce abu mafi tsada da kuke da shi, kuma sau da yawa ita ake zuwa saye da 'yan kuɗin goro ba tare da an faɗa wa mutane abin da suka sa wa hannu ba. Bayan ita, doka ta ce a biya mai fili kuɗin hayar doron ƙasa, a biya diyyar amfanin gona da itatuwa da ginin da aka ɓata, a ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin a fara aiki, sannan a gyara filin idan an gama. Wannan na ƙarshen shi ne ba a cika yi ba, ramukan da suka kewaye ƙauyenku su ne shaida.

Akwai wata tambaya da ba ka yi ba, ni zan yi maka ita. Ta yaya gonar ta zo hannun mahaifinku? Saye ya yi, ko aro aka ba kakanku, ko jingina ce? A yankinku Birom ne masu ƙasa tun kafin a kafa bariki, kuma gonaki da yawa an ba baƙi ne da baki, bisa mutunci, don su noma su ci. Muddin acca da masara ake shukawa babu mai tayar da zancen. Ranar da aka ga tifa tana fita da kaya, ranar kowa zai tuna iyakar kakansa. Na ga zumuncin shekara hamsin ya ɓaci a kan abin da bai kai wannan ba, kuma Filato ta sha wahalar da ta ishe ta. Ku je wurin mai unguwarku da sarkin yankin, ku kira dattawan gidan da gonar ta fito idan akwai, a yi maganar da rana tsaka. Haka nan ku tara ɗin, har da mata, kowa yana da haƙƙinsa na gado, mahaifiyarku kuma tana da tumuninta. Yayanka shi kaɗai ba shi da ikon sa hannu a madadin kowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma masu wannan sana'a sun iya neman ɗan gidan da bashi ya fi damu.

Sai maganar kuɗi. Mutumin ya ɗebi ƙasa a buhu ya kai an gwada, ya san abin da ke gonarku, ku ba ku sani ba. Cinikin biri a sama kenan. Farar ƙasa, wadda 'yan kimiyya ke kira kawolin, ruɓaɓɓen dutse ce. Wani sinadari ne a cikin duwatsun nan namu na Filato ruwa ya yi ta ci shekaru aru-aru har ya koma gari mai laushi. Ana sa ta a fenti da takarda da tangaran da tayil da roba, har da wasu magunguna. Darajarta tana ga farinta da laushinta. Wadda ta yi jaja-jaja ƙarfe ya shige ta, kuɗinta kaɗan ne. Tsofaffin mahaƙa sukan ɗan gutsura su tauna: idan ta yi garas-garas a haƙori yashi ya yi yawa, idan ta narke kamar man shanu ta kama harshe, mai kyau ce. Ku ma ku ɗebi naku samfurin daga wuri uku ko huɗu, ku kai sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Jos ko wani ɗakin gwaji, ku biya a gwada muku. Kuma kada ku yarda da kuɗi dunƙule sau ɗaya. Wanda ya karɓi dunƙule ya gama cin nasa kafin damina biyu, tifa kuwa tana ci gaba da fita. A yi lissafi a kan kowace tifa, ku sa yaronku da littafi a bakin hanya.

Abin da katafila ke fara kwashewa shi ne baƙar ƙasar sama, wadda ba ta wuce taki ɗaya ko biyu ba, wadda mahaifinku ya yi shekaru yana zuba wa taki. Idan aka cakuɗa ta da ƙasar ƙasa, ko an cike ramin gonar ba za ta ƙara ba da abin kirki ba a zamaninku. Don haka a rubuta cewa za a tara ta gefe guda a mayar da ita a ƙarshe. A rubuta zurfin da ba za a wuce ba, da tazarar da za a bari tsakanin rami da gidaje da rijiya da maƙabarta. A rubuta wanda zai gyara hanya idan tifa ta farfasa ta, da wanda zai riƙa yayyafa ruwa da rani, domin ƙurar da ke ɗauke da garin yashi tana taruwa a huhu ta zauna, ba ta fita. Kawuna da tarin da ƙurar nan ke jawowa ya tafi, yana zaune a zaure yana jan numfashi kamar mai hawan dutse. Idan da hali, a ajiye kuɗin cike ramin a banki tun farko da sa hannun ɓangare biyu. Ku nemi lauya ya duba takardar, kuɗinsa bai kai na dinkin sallah guda da ka ke yi ba.

Ra'ayina kuwa, tunda ka tambaya, ina bayan mahaifiyarku a yanzu. Ita ta zauna da ramukan nan fiye da ku duka, ta san abin da take gudu. Ban ce kada a taɓa haƙa ba har abada, domin talauci ma rami ne, kuma na san halin da yayanka ke ciki a ƙauye ba irin naka ba ne a birni. Kada ka yi masa magana kamar mai kwaɗayi. Ka je gida da kanka, kada ka yanke ta waya. Idan mutumin mai gaskiya ne zai jira wata uku. Farar ƙasa ba ta ruɓewa.

TAMBAYA: Baba, ina yini. Maigidana ya sayi fili da araha a gefen wani ƙauye bayan Bukuru. Yanzu maƙwabta suna cewa wurin tsohon rami ne da aka cike. Ga kuma wani kududdufi bai fi taku ɗari ba daga filin, ni kuwa ina da yara ƙanana uku. Mu yi ginin ko mu haƙura?
Daga wata malamar firamare a Bukuru

AMSA: Lafiya lau, 'yata. Allah ya raya miki yaran.

Kada a zuba ko bulo ɗaya sai an san abin da ke ƙasa. Ramin da aka cike yakan yi shekaru yana zama, kuma ba ya zama daidai, wani gefe ya riga wani. Shi ne za ki ga sabon gida ya tsage daga kusurwar taga ya gangaro, ƙofa ta ƙi rufuwa. Ku fara da tsofaffin ƙauyen, musamman waɗanda suka yi aikin ramin, ku kai musu goro su taka muku iyakarsa da ƙafa. Sun fi kowace taswira sani. Sannan a haƙa ramin gwaji a kusurwa huɗu da tsakiya, ya kai tsayin mutum ko fiye. Ƙasar da Allah ya shimfiɗa a jere take, baƙa a sama, ja a ƙasa, kowace da iyakarta. Ta ciko kuwa a hargitse take, fari da ja da baƙi a cakuɗe, wani lokaci har da leda da fasasshen kwalba. Idan aka ga haka a kira injiniya ya gwada ƙarfin ƙasar ya faɗi irin harsashin da zai ɗauka. Wataƙila kuɗin harsashin ya cinye arahar filin, to a nan sai ku yi shawara. Abin da ya fi ba ni tsoro a yankin Bukuru shi ne loto, domin mahaƙa suna nitsawa kamar rijiya sannan su bi gefe ta ƙarƙashi, sama lafiya lau, ƙasa kogo. Ku tambaya musamman ko an taɓa yin loto a wurin. Kuma kada magini ya ɗebo muku yashi daga tarin da aka wanke kuza, musamman baƙin nan mai nauyi, domin bincike ya nuna wasunsa suna ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin da ke cutar da jiki a hankali.

Kududdufin kuwa, kada ki kwatanta shi da na garuruwanmu na Hausa inda aka ɗebi ƙasar gini, wanda yaro ke shiga ruwa ya kai masa idon sawu, sannan gwiwa. Na ma'adinai gaɓarsa a tsaye take, taku ɗaya ne tsakanin tudu da zurfin da ya fi gida, ga yumɓu mai santsi da ba ya barin hannu ya kama. Idan kun yi ginin, katanga da ƙofa mai sakata su riga ɗaki. Ki kuma yi amfani da allonki a makaranta, ki faɗa wa 'yan ajinki, musamman da damina da lokacin hutu.

TAMBAYA: Baba, ni ɗaliba ce, gidanmu yana Bwari. Kakata maginiyar tukwane ce, amma roba da firji sun kashe kasuwar randa da tulu. Tana so ta koya mini, ƙawayena suna dariya. Akwai abin yi a yumɓu a wannan zamani?
Daga jikarka a Bwari

AMSA: Jikata, ciro naira ashirin ki juya bayanta. Matar da ke gina tukunya Ladi Kwali ce, 'yar ƙauyen Kwali da ke cikin yankin birnin tarayya a yau. A gida ta koya, wurin 'yar'uwar iyayenta, kamar yadda kakarki ke son koya miki. Sarkin Abuja na lokacin, Sulaimanu Barau, yana tara tukwanenta, a fadarsa ne wani Bature magini mai suna Michael Cardew ya gan su. Cardew ɗin ne ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a farkon shekarun 1950, Ladi ta shiga a 1954, mace ta farko. Ta koyi juya yumɓu a kan faifai da gashi a wuta mai zafin da ya haura digiri 1,200, amma ba ta yar da zanenta na gida ba, ƙadangare da kunama da kifi da kada. Ta nuna aikinta a Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984.

Ga Ushafa nan kusa da ku, ba sai kin yi doguwar tafiya ba. Ƙauye ne da yumɓu ya ɗaga sunansa har shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarce shi a shekarar 2000. Bambancinsu da ƙauyen telan da ya rubuto mini a sama shi ne su suna gasa ƙasarsu kafin ta bar gari, saboda haka ladan aikin a hannunsu yake tsayawa. Shi Cardew ɗin ma a Konwal yake da masana'antarsa, yankin Ingila da aka fi sani da haƙar farar ƙasa tun ƙarni na 18, inda ƙauyuka suka tashi a gindin fararen tuddai na tarkacen rami, har aka mayar da wani tsohon rami babban lambun shuke-shuke mai suna Eden a 2001.

Ba zan ce miki randa za ta kori firji ba. Amma masu gidaje a Abuja suna sayen tukunyar fulawa, masu otal suna neman kwalliya, mata ba su daina sayen kaskon turaren wuta ba, kuma duk ranar da aka ɗauke wuta ruwan randa ne mai sanyi. Ki ci gaba da karatunki, ki ba kakarki Asabar da Lahadi. Kafin ma ta nuna miki yadda ake murɗa bakin tulu, ki ce ta kai ki inda take ɗiban yumɓunta, ta nuna miki wane ne na jiki, wane ne na haɗi, da irin jar ƙasar da take shafawa kafin gashi. Gine-gine suna ta cin filayen Bwari, kuma mai sayen fili bai san wani ramin yumɓu ba. Ki ɗauki hoton wurin, ki raka ta ita da sauran magina wurin mai unguwa, su roƙa a keɓe musu shi tun ba a kafa masa turaku ba. Ki gaishe mini da ita, idan kin gina ta farko ki aiko mini da hoto ta adireshin mujalla.